Zaren da Ya Bi ta Ƙarƙashin Ganuwa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya bayyana kaɗan a bayanta, ya ɓoye mafi yawa a cikinta. Ku gyara zama, ku da kuka tarar da inuwa ba ku san mafarinta ba. Ni ne Tanimu ɗan Barau, mutumin Birnin Ɗauraye, a ƙasar da rana biyu ke fitowa, babba daga gabas, ƙarama daga kudu, har kowa yana tafe da inuwa biyu amma babu wadda zai fake a cikinta. Na yi tafiyar wata bakwai, na haye kogin da babu ɗigon ruwa a cikinsa, na yi kwana uku a ɗaure a kan tsani, duk saboda wani ɗan itace da bai kai ƙuguna ba.

Garinmu gari ne na tsabta, kuma muna taƙama da hakan. A zamanin kakannin kakanninmu wani falke ya shigo da laka a takalminsa, ashe a cikin lakar akwai wata cuta. Ta cinye gero shekara uku a jere, har aka binne rabin gari. Tun daga nan aka kafa doka cewa ƙasar wani wuri ba ta shiga Ɗauraye. Aka janyo ƙorama aka bi da ita ta bakin ƙofar gari, ƙofar kuwa ɗaya ce tal. Duk mai shigowa sai an wanke masa ƙafa, an karkaɗe kayansa, an ɗauraye kofaton jakinsa. In dashe ya kawo, sai an wanke saiwar tas har ta yi fari. Abin da kuma aka samu ya tsiro daga baƙuwar ƙasa a cikin gari, tumɓuke shi ake yi a ƙone. Mai tsaron wannan ƙofa tun kafin a haife ni shi ne Baffa Dogara, yayan mahaifina, dogo marar yawan magana, wanda tafin hannunsa ya yi yaushi saboda daɗewa a ruwa.

Mahaifiyata, Inna Yalwa, ba 'yar gari ba ce. Mahaifina ya auro ta ne daga Dajin Sassanya a wani fatauci da ya yi. Ta zo da ƙwallo bakwai na bishiyar rumfau ƙulle a bakin zanenta, ƙwallon rumfau kuwa yakan yi shekara arba'in bai mutu ba. Gidanmu ne na ƙarshe a unguwa, bayansa jingine da ganuwa, a nan ta riƙa shuka su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne zai tsiro, ya yi ganye, ya kai gwiwa, sai ya tsaya cak, ya yi rawaya, ya bushe. Na shida ya mutu a shekarar da mahaifina ya rasu. Na bakwai, na ƙarshe, ta shuka shi ranar da na tafi karatu Gidan Sani.

Bayan shekara huɗu na dawo da alkyabbar kammalawa a kafaɗa da dabaru cike da kai, har suna hana ni zama. Na tarar da ɗan itacen ya kai cinya, ya fi duk 'yan'uwansa, amma gefen ganyensa ya fara rawaya. Na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, yanzu akwai masani a gida. Na zuba masa takin awaki, na bi da toka. Na auna ruwansa da ludayi. Da na ga bai motsa ba sai na kwashe ƙasar gindinsa, na tankaɗe ta da rariya, na soya ta a kasko don in kashe cutar da nake zato, na mayar. Ina cikin suyar Inna ta tsaya a kaina ta ce, “Tanimu, a wajenmu fa...”

Na ce, “Inna, bari dai ki gani. Wannan babi guda muka yi a kansa.”

Ta juya ta koma ɗaki. Cikin mako biyu ganye biyar suka zube.

Daga nan Inna ta rage cin abinci. Kullum da safe sai ta ɗauki kujera 'yar tsugunne ta zauna gaban itacen, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da harshen mutanensu. Wata rana na ji tana gaya masa cewa in shi ma ya tafi, babu sauran abin da ya san inda ta fito a duk faɗin garin nan. Ba ta san ina bayanta ba. Washegari na ɗaura guzuri na ce zan je inda rumfau ke rayuwa in ga abin da ake ba shi. Ba ta hana ni ba, ta dai riƙe hannuna ya daɗe. A bakin ƙofa Baffa ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in je lafiya, amma duk abin da zan kawo na san inda zai bi.

Kwana ashirin na yi kafin in isa Kogin Rairayi. Yashi ne zalla yake gudu kamar ambaliya, da igiyoyinsa da ƙararsa, faɗinsa tafiyar kwana biyu. Mata ne ke fito a wurin, a kan manyan tabarmi masu filafilai. Wadda ta ɗauke ni sunanta Tambai, mace mai faɗin kafaɗa da baki kamar reza. Ina hawa na soma yi mata bayanin yadda za ta gyara filafilinta ya fi kama iska. Ta ce in kwanta rub da ciki in baza hannu da ƙafa, don a kogin nan mai tsayuwa shi ke nutsewa, musamman mai tsayuwa yana surutu. Na kwanta. Haka na haye, fuskata a tabarma, ina jin kifayen yashi suna gogar ta daga ƙasa.

Bayan wata guda na isa Birnin Tsani, wanda labarinsa ya kai mu tun muna Gidan Sani. Malaman itatuwa ne, sun jingina dogayen tsanuka a jikin wasu manyan bishiyoyi, a can sama suke ci, suke barci, suke karantarwa. Sun yi rantsuwa ba za su dubi ƙasa ba har abada, kowannensu da wani katako a ƙarƙashin haɓa mai tallafe kai sama. Sun rubuta littattafai ɗari huɗu a kan ganye. Gaskiya na sha mamaki, kuma na ƙaru, don sun san yadda ganye ke shan haske ya dafa zaƙi da shi, abin da ban taɓa ji ba. Babbansu, Malam Cindo, ya karɓe ni hannu biyu da ya ji ni ma mai alkyabba ne. Na gaya masa damuwata. Ya ce ganye in ya yi rawaya, ai sai a shafa masa ruwan shuni ya koma kore.

Na ce, “Allah gafarta Malam, to saiwa fa?”

Ashe ambaton abin da ke ƙasa babban laifi ne a garin. Malam Cindo bai yi fushi ba, tausayina ma ya ji. Ya ce wuyana ne bai koyi ladabi ba, a ɗaure ni a kan tsani mafi tsawo ina kallon sama har ya koya.

Kwana uku rana biyu suna gasa mini fuska. A na ukun na motsa hannu don ya sage, sai na ji igiya ta saki. Mutanen da ba sa iya duban hannunsu ne suka yi ƙullin. Na zare jikina a hankali, na rataye alkyabbar a kan tsanin, na ɗora mata rawanina yana fuskantar sama, na sauko da rana tsaka. Na ratsa ta tsakanin ƙafafun tsanukansu ina jin su suna muhawara a bisa kaina, babu wanda ya gan ni.

Dajin Sassanya ba a ganinsa daga nesa, jinsa ake yi. Iska ce ta fara sauyawa, ta yi sanyi, ta ɗauko wani ƙamshi kamar na ƙasa a ruwan farko. Da na shiga sai na duba gefena na ga inuwoyina biyu sun ɓace, karon farko a rayuwata. Bishiyoyin rumfau ne ko'ina, mutum goma ba za su zagaye ɗaya da hannu ba, a ƙarƙashinsu kuma 'ya'yansu birjik, ƙanana kamar na Inna, cikin duhun da ko ciyawa ba ta fitowa, amma kore shar. Na tsaya ina tunanin ta yaya abin da rana ba ta gani yake ƙoshi, na Inna da ke da rana biyu yana mutuwa.

Na ce bari in duba saiwa. Na tono ɗaya da wuƙa, na ga saiwar duk ta naɗe da wani farin abu kamar funfunar da ke kama tuwon da ya kwana biyu. Na ce ashe har nan cuta ta zo. Na kai shi bakin wata 'yar ƙorama na tsugunna ina wanke shi, ina murza da yatsa yadda na ga Baffa yana yi tun ina yaro.

“Daga Ɗauraye kake.”

Na waiwaya. Wani tsoho ne gajere, ba takalmi, riƙe da kwando. Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ce a duk duniya mu kaɗai ne za mu tarar da jariri yana shan nono mu cire shi mu wanke masa baki. Ya karɓe dashen daga hannuna kamar mai karɓar ɗan tsuntsu. Na buɗe baki zan kare kaina, sai ya ƙura wa haƙorana ido. Ina da wushirya irin ta Inna.

Ya ce, “Yalwa tana da rai?”

Na ce tana da rai. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, dashen na hannunsa. Shi ne Kawu Jatau, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

Zumunci bai hana hukunci ba. Al'adar mutanen dajin ita ce duk wanda ya yanke zaren ƙasa, haka suke kiran farin abin nan, sai ya zauna ya yi jinyar abin da ya raunata har ya warke. Na ce sauri nake, itacen Inna na mutuwa. Kawu ya ce in na koma yau, me zan kai mata? Ya kai ni gindin wata babbar rumfau, ya sa na mayar da dashen da hannuna, na rufe da ruɓaɓɓen ganye, ya ce nan ne gidana har dashen ya warke.

Kwana arba'in na yi. Kawu ba mai karantarwa ba ne, mai nunawa ne. Zai ɗaga ganyen da ya ruɓe ya ce in duba. Zaren na nan ko'ina, ya fi yanar gizo siranta, ya ratsa ƙasa kamar saƙa, ya naɗe bakin kowace saiwa kamar safa. Ya ce saiwa kauri gare ta, akwai tsagar da ba ta iya shiga, zaren ne ke shiga ya ɗebo mata ruwa da gishirin ƙasa. Na tambaye shi me zaren ke samu, don ban yarda akwai mai aiki a banza ba. Ya ce shi dai ya san in aka sare bishiya, zarenta kan rame. Nan take karatun Birnin Tsani ya faɗo mini. Na yi tsalle na ce zaƙi ne, zaƙin da ganye ke dafawa da haske, shi bishiyar ke saukar wa zaren tunda shi ba ya da ganye. Na shiga zayyana masa har ina haki. Kawu ya saurara har na gama, ya ce to madalla, ashe mutanen tsani ma sun riƙe rabin zance, kuma in sauka daga kan dashen maƙwabta da na taka garin tsalle.

Ƙananan da ke cikin duhu kuwa, zaren ne ya haɗa saiwarsu da ta manya, ta nan ake ɗan tura musu abin da za su riƙe rai har wata babba ta faɗi haske ya buɗe. Ban gaskata ba sai da ya kai ni wajen wani kututture mai faɗin ɗaki. Ya ce tsawa ce ta karya bishiyar tun kafin a haifi Inna. Ba reshe, ba ganye ko ɗaya. Ya ba ni wuƙa ya ce in ɗan kankare ɓawon. Na kankare, sai ga kore, ɗanye, har da ruwa. Ya ce waɗanda ke kewaye da ita 'ya'yanta ne, ba su bar ta ba. A kan kututturen nan Inna ke zama ana yi mata kitso tana yarinya.

Ya kuma nuna mini wani zare baƙi mai kaurin igiyar takalmi a jikin wata matacciyar bishiya. Ya ce wannan ci yake yi ba ya bayarwa, kuma mai yiwuwa irinsa ne ya shiga garinmu a da. Mutanenmu ba wawaye ba ne, in ji shi, sun dai kori ɓarawo ne suka haɗa da mai kawo musu ruwa.

Ana cikin haka aka yi ruwa, da safe naman kaza ya fito a gindin bishiyoyi, jajaye-jajaye masu kamar 'yan lema. Kawu ya ce zaren ne ya leƙo waje. Ya yi mana miyarsa. Muna ci ya tambaye ni, kamar abin da ba komai ba, ko me ya sami ƙwaryar Yalwa.

Na ce, “Wace ƙwarya, Kawu?”

Ya ajiye ludayi. Ya ce duk 'yar daji da za ta yi aure nesa, ana ba ta ƙwallo bakwai da ƙwarya cike da ƙasar gindin bishiyar gidansu, don a zuba wa kowane rami kaɗan. Shi da hannunsa ya cika tata, ya zana mata ganye uku a bakin ƙwaryar da wuƙa. Ban buƙaci a gaya mini inda ƙasar ta tafi ba. A zuciyata na ga ƙoramar bakin ƙofa, na ga amarya tsaye ana wanke mata ƙafa.

“Ba ta taɓa gaya maka ba?”

Na ce ta fara, ni na katse ta.

A kwana na arba'in dashena ya fitar da sabon ganye. Kawu ya yanko shi da ƙasarsa gaba ɗaya, ya sa a wata babbar ƙwarya, ya rufe da ganye. Ya ce kada ya bushe, kada rana ta ga ƙasar. Ƙafafunsa ba za su kai shi Ɗauraye ba, saƙonsa ɗaya ne, in gaya wa Yalwa kututturen na nan da ransa. Ya raka ni har inda inuwoyina suka dawo, ya juya da sauri.

A Birnin Tsani na bi ta ƙasa kamar yadda na fita. Alkyabbata na nan a sama, na ji Malam Cindo yana yabonta, wai bai taɓa samun almajirin da ya kai wannan natsuwa ba.

Kogin Rairayi ne ya kusa gamawa da mu. Iska ta mutu muna tsakiya, tafiyar kwana biyu ta zama biyar. Na kwanta a kan ƙwaryar na rufe ta da jikina, ruwan gorana kuwa ita nake ɗiga wa, ni ina lasar abin da ya rage a yatsa. Tambai ta ce ta yi fiton mahaukata iri-iri amma ba ta taɓa ɗaukar wanda ya auri ƙwarya ba. A rana ta huɗu gorana ya ƙare, harshena ya kumbura. Na ba ta labarin Inna da ƙyar, don dai wani ya sani in na mutu. Can sai na ji ta turo mini goranta da ƙafa, ta ce kurɓa ɗaya tawa, ɗaya ta amarya, kuma in na zubar sai ta jefa mu duka biyu.

Tun daga nesa na hango Baffa a bakin ƙofa. A hanya na ƙirƙiro dabaru fiye da goma na ɓoye ƙasar, a gashin kai, a cikin gora, a kumatu. Da na ga tsohon tsaye cikin ruwa sai duk suka zube. Ya amsa gaisuwata, ya miƙo hannu.

“Kawo a wanke.”

“Baffa, in aka wanke ta mutu.”

“To ba ta shiga.”

Na tsaya ina kallon ganuwa, ina tuna kututturen nan da 'ya'yansa, wasunsu sun fi taku ashirin nesa da shi. Na tambayi Baffa ko doka ta hana shuka a wajen gari. Ya yi tunani, don shi ba ya amsa abin da bai auna ba. Ya ce doka ta yi maganar abin da ke shiga ta ƙofa ne.

Na zagaya bayan ganuwa har daidai gidanmu. Kaurinta kamu shida ne. Na haƙa rami a jikinta, na sauke dashen da ƙasarsa, na kafa masa rumfar zana. Sannan na koma ƙofa aka wanke mini ƙafa na shiga hannu wofi.

Inna ta rame har na ji tsoro. Itacen saura ganye uku. Na durƙusa na isar da saƙon Kawu, ta rufe fuska da mayafi. Da ta natsu na ce, “Inna, ranar nan kin ce a wajenku. Ƙarasa mini.”

Ta dube ni, har ta ɗan yi murmushi. Ta ce a wajensu ba a kai fartanya gindin rumfau, ba a zuba toka, ba a share ganyen da ya faɗo. In kwashe takin nan nawa, in rufe wurin da ƙaiƙayi da ruɓaɓɓen kara, in jiƙa tun daga gindin itacen har jikin ganuwa, ciki da waje, don zare ba ya bin busasshiyar hanya. Duk ta sani. Shekara talatin ta sani, ƙasar ce kawai babu.

Haka muka shiga aiki. Ita tana jiƙa ciki, ni ina jiƙa waje. Sau biyu a rana nake fita da tulu, sau biyu Baffa ke wanke mini ƙafa, bai taɓa tambayata komai ba. Na dai lura duk mako yakan zagaya gonakin geron da ke kusa da wurin, yana jujjuya ganye yana dubawa. Wani lokaci ina waje sai in ji muryar Inna ta bayan ganuwa tana yi wa nata magana, tana cewa ya daure, ɗan'uwansa na hanya.

Ganye uku suka koma biyu. A tsakiyar rani suka koma ɗaya. Na so in tona in ga inda zaren ya kai, Inna ta riƙe mini hannu. Ganyen nan ɗaya ya yi wata biyu yana lilo, kullum da safe shi muke fara dubawa kafin mu gaisa.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo. Wata safiya na fito na tarar da Inna durƙushe. A kan itacen akwai wani ɗan toho kamar kunnen ɓera, a gindinsa kuma naman kaza uku jajaye, a jere, sun taho daga wajen ganuwa. Ta tsinki ɗaya ta kai hanci ta rufe ido.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa wani baƙon abu ya tsiro a gidan Barau. Mutane suka cika ƙofar gida. Sai ga Baffa, da fartanya a hannu ɗaya, da wani ƙunshi a ɗayan. Inna ta tashi ta tsaya gaban itacen. Baffa ya nemi ta ɗan matsa. Ya tsugunna, ya daɗe yana duban naman kazan, ya bi layinsu da ido har jikin ganuwa. Ya tambaye ni ko na shigo da ƙasa. Na ce shi ya wanke ni. Ya ce haka ne. Ya miƙe ya fuskanci jama'a, ya gaya musu ya duba geron da ke kewaye da dashen waje tun ranar da aka dasa shi har girbi, bai ga tabo ko ɗaya ba, kuma zai ci gaba da dubawa muddin yana da ido, in ya ga cuta shi zai fara sa wuta.

“Ni ƙofa aka ba ni tsaro,” in ji shi. “Wannan bai bi ta ƙofa ba.”

Da mutane suka watse sai ya jingine fartanyar, ya kwance ƙunshin. Tsohuwar ƙwarya ce, wankakkiya tas, da zanen ganye uku a bakinta. Ya miƙa wa Inna da hannu biyu.

“Yalwa, ban san abin da na zubar ba ranar nan. Na dai ga fuskarki, shi ya sa na kasa jefar da ita.”

Inna ta karɓa ta shafa zanen da babban yatsa. Ta sunkuya ta tsinke sauran naman kazan biyu ta sa a ciki, ta ce, “Yaya, zauna. Ba za su yi miya ba, amma za ka ji ƙamshin garinmu.”

Shekara shida Inna ta ƙara a duniya. A ta ƙarshe itacen ya yi inuwar da ta ishe ta ita da kujerarta, in ta naɗe ƙafa. Na wajen da na cikin yanzu rassansu sun haɗu a saman ganuwa, a ƙarƙashinsu kuke zaune, ƙwaryar kuwa ga ta can rataye. Nan na sauke kayan labarina. Wanda zai tashi ya taka a hankali, kuma kada kowa ya share mini ganyen nan.